Neman shawara: shin in daina rubutu a kan labaran da ke faruwa?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara 4 ke nan ina rubuta ɗan tunani kowane mako, yawanci a kan abin da nake gani a gida da wurin aiki, kamar daren da 'yata ta ƙi barci cikin duhu sai da na riƙe mata hannu, da yadda hakan ya buɗe mini Zabura 23. Irin wannan rubutu bai taɓa jawo mini damuwa ba. A watan jiya kuwa wani gini ya rushe ya hallaka mutane, masu karatu suka yi ta matsa mini in ce wani abu. A daren nan na rubuta, na ɗora laifin a kan mai ginin bisa abin da na ga ana yaɗawa a Facebook, har na ƙara da cewa gargaɗi ne daga Allah ga al'ummar da ta bar gaskiya. Bayan kwana 3 ya bayyana cewa labarin da na dogara a kai ba daidai ba ne, kuma wata mai karatu ta rubuto mini cewa ƙaninta yana cikin mamatan, ta tambaye ni ko shi ne gargaɗin. Tun daga ranar ban iya rubuta ko layi ɗaya ba. Ina roƙon shawararku: in tsaya ga al'amuran gida da ibada kaɗai, in bar labarai ga masu su?

Amsar wani dattijon ikilisiya:

Ɗana, abin da ya same ka an riga an kawo wa Ubangiji Yesu irinsa. A Luka 13:1-5 an ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya gauraya jininsu da hadayunsu, shi kuma da kansa ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, wato rushewar gini kamar wadda ka yi rubutu a kai. Bai ƙi tanka labarin ba, amma ya ƙi yarda a ce waɗanda suka mutu sun fi sauran mutane zunubi, sai ya juya maganar tuba ga masu rai da ke tsaye a gabansa. Kuskurenka ba taɓa labari ba ne. Kuskuren shi ne ka faɗi dalilin Allah a wurin da Allah bai faɗa maka ba, kuma wannan jaraba ce da ke kama mu masu wa'azi fiye da kowa, domin jama'a suna son a ba su amsa da wuri, mu kuma muna jin kunyar cewa ba mu sani ba.

Amsar wata uwa:

Ɗana, ni hankalina yana kan matar nan. Na binne miji, na kuma san yadda maganar da aka faɗa da kyakkyawar niyya take zama ƙaya a zuciya. Har yau ina tuna fuskar wanda ya ce mini Allah yana so ya koya mini wani abu ne, alhali ko takalman marigayin ban kwashe daga bakin ƙofa ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana 7 dare da rana ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki ne suka ɓata, har Allah ya yi fushi da Elifaz, ɗaya daga cikinsu, da abokansa biyu a Ayuba sura 42. Kafin ka yanke shawara a kan alƙalaminka, ka nemi matar, ka roƙi gafararta ba tare da kare kanka ba, ka tambaye ta sunan ƙanin nata da irin halinsa.

Amsar wani tsohon ɗan jarida:

Ɗan'uwa, Luka ya gaya wa Tiyofalas, wanda ya rubuta wa bishararsa, cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga farko kafin ya rubuta, Karin Magana 18:17 kuma ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake ganin mai gaskiya har sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. A aikinmu ba a ambaton laifin mutum sai an samu tabbaci daga majiya fiye da ɗaya, an kuma nemi jin ta bakinsa. Ka janye rubutun, ka buga gyara a wurin da ka buga na farko, ka faɗi ainihin abin da ka kuskure.

Amsar wata 'yar'uwa:

Da girmamawa ga iyayenmu da suka riga ni, ina tsoron kada wannan taka-tsantsan ya zama shiru. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa kariya, don kada alhakin jini ya hau gidansa in wani ya faɗo, wanda ke nuna cewa ingancin gini magana ce ta bangaskiya. Annabi Amos ya yi magana a kan ma'aunin ha'inci, annabi Natan kuma ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa. Idan bincike ya tabbatar da sakaci, ɗan'uwa, ka rubuta a kai da ƙarfi, domin iyalan mamatan suna bukatar wanda zai ci gaba da tambaya bayan kowa ya manta.

Mai neman shawara:

Baba, Mama, da ku 'yan'uwana, na gode ƙwarai. Na janye rubutun yau da safe, na buga gyara da neman gafarar mai ginin. Na kuma kira matar. Ta yi kuka, ta gaya mini cewa ƙanin nata shi ke kai 'ya'yanta makaranta, ta kuma yarda in ziyarce su ranar Asabar tare da matata. Zan jira rahoton masu bincike kafin in sake taɓa maganar ginin, kuma ina roƙonku ku tuna da wannan iyali cikin addu'a.