Waɗanda suka zauna Shahadar Sudan, ku faɗa mana yadda kuka yi karatun

Yayar Ɗan Aji Uku, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya shiga aji uku na sakandare, ɓangaren kimiyya, bana zai zauna Shahada, wato jarrabawar kammala sakandare, in Allah ya kai mu. Ni aure ya ɗauke ni tun ina aji ɗaya, Babanmu kuwa manomi ne, iyakar abin da yake ce masa shi ne "ka dage". Yaron yana da ƙoƙari, sai dai kullum ina ganin sa da tarin muzakkira, wato taƙaitattun darussa, na malamai daban-daban, yau ya buɗe wannan, gobe ya buɗe wancan, littafin ma'aikatar ilimi kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Wanda ya zauna da kansa, ko ya zaunar da ɗansa, don Allah ya gaya mana yadda ya yi, da abin da ya ga ya kayar da wasu.

Ɗan Mai Wurno

Wa alaikumus salam Yaya. Ni na zauna a shekarun da ake yin ta a watan Maris, ga zafi ga ɗaukewar wuta. Mu da muka tashi a makarantar allo hadda ba ta ba mu tsoro, kuma ta yi mana rana a tarbiyyar Musulunci da waƙoƙin Larabci da ma'anonin bayoloji. Suratun Nur da wasu ke kwana suna kokawa da ita, mu tun muna yara muka wanke ta. Amma a ajinmu na ga wanda ya haddace littafin fiziks har da lambar shafi, aka kawo masa tambayar da ya sani, an dai canza lambobi an juya abin da ake nema, ya zauna yana kallon takarda har aka karɓe.

Abin da na yi, allona na yarinta na ɗauko daga bayan ɗaki. Da daddare in rubuta dokokin fiziks ko lissafin kemistiri da tawada, bayan asuba in wanke, in sake rubutawa da ka, littafi na rufe. Duk abin da ya ƙi fitowa, shi ne karatuna na wannan rana, sauran ba na ɓata lokaci a kansu. Daga nan sai in warware tambayoyi a kan dokar har hannuna ya saba. Kafin wani ya tambaya, ban sha ruwan wankin ba.

Ustaz na Lissafi, Kasala

'Yar uwa, na daɗe ina koyar da aji uku, kuma matsalar ƙanenki ita ce ta rabin ajina kowace shekara. Masu tsara jarrabawa daga littafin ma'aikata suke ɗauko tambaya, wanda cibiyar manhaja ta Bakhtur Ruda da ke Duwaim take fitarwa. Muzakkira taƙaitawa ce ta wani malami, abin da ya ga dama ya sa, abin da ya ga dama ya bari. Ni ma ina da tawa, kuma ba na ba ɗalibi sai ya nuna mini ya gama atisayen da ke ƙarshen kowane babi na littafin. Ki ce masa ya zaɓi guda ɗaya a kowane fanni, sauran ya ba abokansa.

Sai maganar da 'yan kimiyya ba sa son ji. Fanni bakwai ake haɗawa a fitar da kason ɗalibi, huɗu a ciki dole ne ga kowa: Larabci, Ingilishi, tarbiyyar addini da lissafi. Kowanne maki 100 ne, daidai da fiziks, daidai da kemistiri. Yaro zai ba fiziks dare bakwai na mako, Larabci kuwa ya ce ai yana jin sa, Ingilishi ya ce Allah ya kawo sauƙi. Ranar da aka fito da sakamako sai ka ga 90 da wani abu a kimiyya, 60 a Ingilishi, kason duka ya zube. Mai son likitanci a Jami'ar Khartum sai ya haura 90 a jimla, kuma ba a kai wa nan da fanni biyu masu rauni.

A lissafi kuma ya sani ba a shiga da kalkuleta, a rubuce yake a fuskar takardar. Yaron da ya saba danna waya yana aikin gida zai sha wahala da rabawa da saiwar lamba a ɗakin jarrabawa, sai ya ci rabin lokacinsa a abin da bai kai maki biyu ba. Amsa kuma a cikin takardar tambayar ake rubuta ta, a gurbin da aka bari, ba a ƙara wa kowa wata. Saboda haka ya koyi rubutu a tsare, mataki bayan mataki, don mai gyara yana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Wanda ya rubuta amsa tsirara ba tare da hanya ba, in ta kauce ya tashi a tutar babu.

Mai Raksha Ɗan Digiri

Ustaz, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. A makarantarmu ba mu ga malamin kemistiri ba sai da shekara ta yi nisa, littafi kuma mu uku muke raba ɗaya. Muzakkira da darussan ƙarfafawa na yamma su suka fitar da mu. Wanda yake da malami irinka ya riƙe littafi, mu da ba mu da shi abin da muka samu muka kama.

Ustaz na Lissafi, Kasala

Gaskiyarka ɗana, ban musa ba. Abin da nake ƙi shi ne malamin da zai karɓi kuɗin iyaye ya ce wa yara "babi kaza ba zai zo bana ba, ku bar shi". Ba wanda ya san wannan sai wanda ya tsara takardar.

'Yar Sinja

Ni ina cikin 'yan 2023 da yaƙi ya ritsa da su. Muna shirin zama aka fara harbi a Khartum ranar 15 ga Afrilu, aka ɗage jarrabawa ba ranar komawa. A ƙarshen Yunin 2024 muka bar Sinja cikin damina, muka iso Gadarif da kayan jikinmu, littattafaina duk suna can. A wata makaranta aka sauke mu, iyali da yawa a aji guda, an raba da zannuwa. Da aka sanar za a yi jarrabawar a ƙarshen Disamba, na ɗauka na manta komai.

Mu 'yan mata huɗu ne 'yan adabi a wurin, waya ɗaya ce mai ɗaukar littafi a tsakaninmu. Sai muka raba tarihi: wata ta ɗauki zamanin Turkawa tun daga 1821, ni na ɗauki Mahdiyya har zuwa yaƙin Karari a 1898, wata ta ɗauki abin da ya biyo baya har samun 'yanci a 1956, ta huɗun ta riƙe taswirorin labarin ƙasa. Kowacce ta karanta nata a lokacin da wayar ke hannunta, da la'asar mu zauna gindin bishiyar darbejiya ta koya wa sauran, da Hausa, kamar ana hira. Inda ta yi tuntuɓe a bayani, nan muke gane ba ta fahimta ba, sai ta koma. Bayan haka kowacce ta rubuta amsar da Larabcin littafi, mu yi musaya mu gyara wa juna. Har yau abin da na koyar da bakina ya fi zama mini fiye da abin da na karanta ni kaɗai a Sinja ina da ɗaki da fitila.

Yaya, ki tambayi ƙanenki ya yi miki bayanin darasin da ya karanta yau, ko ba ki san fiziks ba. Za ki gane a fuskarsa in ya iya.

Inna Mai Kisra, Madani

Allah ya yi miki albarka 'yata, ya mayar da ku gida lafiya. Ni abin da zan ce na iyaye ne. 'Yata ta fari da ta zauna, ita ke tashi ta taya ni yaɓa kisra tun duhu, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, sannan a ce ta yi karatu da dare tana gyangyaɗi. Ta biyun da lokacinta ya zo, na sauke mata komai wata uku kafin jarrabawa, ƙannenta maza suka koyi wanke tukunya suna gunaguni. Kuma na hana ta jabana, wato kofi, bayan isha, don na ga 'yar maƙwabta ta sha ta kwana ido biyu, da safe ta shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa. Ful da shayi da safe, barci da wuri, shi ke nan.

Ɗan Mai Wurno

Inna ta tuna mini. Yaya, ku da kuke Gadarif, ki yi wa Baba magana tun yanzu a kan yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna sai an yanke shi cikin 'yan kwanaki ko ya zube, kuma a nan ne ake ɗauke yara daga aji mako biyu ko uku. Ɗan aji uku da ya rasa babin tafaduli na lissafi a wannan lokacin, babin takamuli da ke bin sa ba zai shiga kansa ba, don ɗaya a kan ɗaya aka gina su. Bana a ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa in da hali.

Tsohuwar Ɗalibar Adabi, Damazin

A kan Larabci nake so in ƙara. Mu da Hausa a gida, Larabcin kasuwa a waje, sai mu ɗauka mun iya. Na jarrabawa daban ne: i'irabi, balaga, insha'i. Abin da ya taimake ni shi ne in ɗauki aya ɗaya daga cikin waɗanda na haddace in yi mata i'irabi kalma bayan kalma, tun da wasalin ƙarshe yana bakina daidai, sai dai in nemo dalilinsa. Ingilishi kuwa a zamaninmu littafin SPINE 6 ne, na bi shi daga bango zuwa bango, na kuma riƙa rubuta gajeren insha'i duk mako ina kai wa malami ko bai nema ba.

Mai Raksha Ɗan Digiri

Yaya, maganar ranar jarrabawa: ƙanenki ya je ya ga cibiyarsa da kujerarsa tun ana gobe, ya haddace lambar zamansa, ya riƙe biro biyu shuɗi. Kuma ki ja masa kunne a kan bakhra, wato 'yar takardar satar amsa, da takardun da ake yawo da su a WhatsApp ana cewa sun fita. A 2018 takardar kemistiri ta fita da gaske, aka soke ta, kowa da kowa ya sake zama, har wanda bai ji ba bai gani ba. A shekarun baya har intanet aka riƙa katsewa a awannin jarrabawa saboda wannan. A cibiyarmu an kama wani da 'yar takarda a cikin safa, yaron da ko ba ita zai ci.

Yayar Ɗan Aji Uku, Gadarif

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka, ya ce maganar kalkuleta ta same shi. Baba kuma ya ce sai ya ga yadda riɗin ya yi tukuna. Ustaz, yana tambaya: tsofaffin takardun jarrabawa, ya fara su tun yanzu ko sai ya gama littafin?

Ustaz na Lissafi, Kasala

Duk babin da ya gama, ya nemo tambayoyinsa a takardun shekarun baya ya warware a ranar. Cikakkiyar takarda kuwa ya bar ta sai wata biyun ƙarshe, ya zauna da agogo a gabansa, ba waya, ba tashi shan ruwa, ke kuma ki karɓe takardar in lokaci ya cika ko bai gama ba. Wanda ke Gadarif yana da tsofaffin takardun kemistiri da fiziks a ajiye ya yi magana, a kai wa yaron.