Tsohon mai motata ya hargitsa wayoyin rediyo, ta ina zan fara?

Mai Corolla, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006 a nan Jos, kuma wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire rediyon kamfani ya sa Pioneer, ya ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikin but. Idan motar ta kwana biyu ba a tayar da ita ba sai batir ya mutu, rediyon kuma yana kunnuwa ko da makulli yana aljihuna. Da na zaro shi, na tarar an yanke soket ɗin asali, an murɗa wayoyin da hannu, an naɗe su da salatif wanda zafi ya narkar har ya zama danƙo. Ja da rawaya na rediyon a haɗe suke wuri guda, wata shuɗiya mai farin layi ta bi ƙarƙashin kafet, sifikar ƙofar baya ta hagu kuma ba ta magana. Ina son in fahimci aikin kafin in kai wa mai wayarin.

Mai wayarin, Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Malam, ka riga ka ga ɓarawon batirinka. A rediyon kasuwa irin wannan, rawaya ce ke ɗaukar wutar batir kullum domin agogo da tashoshi kada su goge, ja kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma ta bodi ce, wato wadda ake haɗawa da ƙarfen mota. Wanda ya haɗa ja da rawaya a kan wutar batir ya hana rediyon mutuwa, kuma tun da shuɗiyar nan ita ce ke umartar amfilifaya ya tashi, duk lokacin da aka bar rediyon a kunne shi ma yana ta jan wuta a but.

Amma ina roƙonka kada ka bi launi a ɓangaren motar, domin Toyota tana da nata tsarin. A yawancin motocinta na wancan zamanin, shuɗiya mai layin rawaya ce ta batir, ruwan toka ta makulli, ruwan ƙasa ta bodi, ja da baƙa kuwa na sifikun baya ne. Na sha ganin rediyon da aka ƙona saboda an haɗa ja da ja. Ka ɗora baƙin bakin mitar gwajin wuta a ƙarfen mota, ka taɓa kowace waya da jan bakin: wadda ta nuna kusan bolt 12 babu makulli ita ce ta batir, wadda ba ta nuna ba sai ka murɗa ita ce ta makulli. Ka liƙa wa kowace takarda da sunanta.

Injiniya, Rayfield:
Ina goyon bayan mai wayarin, sai dai zan ƙara gargaɗi. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a cikin dashbod, ko wayoyi masu rigar rawaya, na jakar iskar da ke kare mutum a lokacin hatsari ne, kada mita ko batir su kusance su. Sannan ka bi wayar nan mai kauri da ke kai wa amfilifaya wuta, ka tabbata akwai fiyus a kanta kusa da batir, domin idan babu, ranar da ƙarfe ya goge fatarta gobara ce.

Game da sifikar da ta yi shiru, ka cire wayoyinta biyu daga rediyo ko amfilifaya, ka taɓa su na ɗan lokaci a kan ƙaramin batir mai bolt 1.5. Idan ka ji ƙas a ƙofar, sifika da wayarta lafiya lau suke. Idan shiru, ka duba cikin robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, inda buɗewa da rufewa ke karya waya.

Mai Corolla, Unguwar Rogo:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba, babu fiyus ko ɗaya a kan wayar amfilifayar, saboda haka na cire ta daga kan batir, sai an sa mata shi tukuna. Malam, shin ana samun soket ɗin asali a wurin masu kayan gwangwan, domin a mayar da shi da dalma maimakon murɗi?