Shawarwari Kan Sabunta Fentin Kujerun Kwagiri

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ake sabunta fentin kujerun kwagiri, mahalarta sun yi ittifaƙi cewa shiri ya fi shafa fentin muhimmanci. A fara kakkaɓe ƙurar da ta maƙale a lungunan saƙar da buroshi, a goge da ruwan sabulu kaɗan, sannan a bar kujerar ta bushe sarai, domin fenti ba ya kama kwagiri mai danshi. A kankare tsohon fentin da ya ɗago, a manne zaren da ya warware da gam.

An ɗan yi saɓani kan buroshi da feshi, amma a ganina masu feshi sun fi hujja, tunda buroshi yana tara fenti ya toshe ramukan saƙar. A kifa kujerar a fara daga ƙasa, a fesa sama-sama sau 2 ko 3, a sarari, da takunkumi.