Gradle ya ƙi gina manhajata, yana ta kukan "Duplicate class"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar Android. Yau kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya.

Ina haɗa wa kawuna 'yar manhajar lissafin bashi, yana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia nan Kumasi. Komai lafiya lau sai da na ƙara laburaren buga rasit ta Bluetooth (wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta don wannan aikin). Tun daga nan Gradle, kayan aikin da ke gina manhajar, ya tsaya, wai wani aji (guntun kod) mai suna CollectionsJDK8Kt yana wuri biyu: cikin kotlin-stdlib 1.8.20 da kuma kotlin-stdlib-jdk8 1.6.21, duka biyun laburare ne na Kotlin, yaren rubuta manhaja. Na gane cewa tun Kotlin 1.8.0 aka zuba na jdk8 cikin babban stdlib, laburaren rasit ɗin nan kuwa tsohon jdk8 yake janyowa.

Na goge ma'ajiyar .gradle gaba ɗaya, ya sake sauke komai, data ta sidi ashirin ta tafi a banza, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

To wanne ya fi: in yi exclude na jdk8 a kan laburaren, wato in hana shi janyo shi, ko in sa kotlin-bom, jerin sigogin laburaren Kotlin, ya daidaita su duka? Tsorona da exclude shi ne ginin ya wuce, manhajar ta zo ta mutu a hannun kawu ranar kasuwa. Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya taimaka.