Hana sare itace da karɓar gona saboda sauyin yanayi: me kundin tsarin mulki ya ce?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shari'a na zauren nan. A arewacin Jigawa kowa ya ga yadda rairayi ke cin gonaki. Ana yawan maganar hana yin gawayi da dasa shingen bishiyoyi, wanda wani lokaci yakan ratsa gonar mutum. Wasu na cewa ko niyyar gwamnati alheri ce, sai ta bi kundin tsarin mulki. Masu wannan ra'ayi adawa suke da gyaran muhalli, ko me suke nema?

Barista daga Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba adawa ba ce. Mai wannan ra'ayi ba ya jayayya kan ko hamada na kwararowa. Abin da yake tambaya shi ne: wa ke da ikon yin aikin, wace rubutacciyar doka ce ta ba shi, kuma ina talaka zai kai kuka idan an taka shi.

Ɗauki maganar gawayi. Sashe na 36(12) na kundin 1999 ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba. Jawabin kwamishina a rediyo ba doka ba ne. Idan malamin daji ya tare mai kura da buhunan gawayin ƙirya, dole ya zama akwai dokar gandun daji ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, da ta faɗi itatuwan da aka hana, da tarar, da kotun da za ta yanke. Inda ake tafka ɓarna shi ne tarar bakin hanya ba rasit. Ita ce ke mayar da dokar kare daji hanyar cin abinci, sai manyan dillalai su biya su wuce, tsohuwa mai tsintar ƙirare ta sha wuya.

Gona kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ke magana, kuma sashe na 315(5) ya ɗaure ta a jikin kundin. Gwamna na iya soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a, amma da sharuɗɗa. Sai an miƙa wa mai gonar sanarwa a rubuce. Sai an ƙiyasta abin da ke kan ƙasar a biya: amfanin gona, rijiya, gini, itatuwan amfani irin su ɗorawa, kuka da tsamiya. Ƙasar kanta ba a biyan farashinta na kasuwa, nan ne mutane suka fi shan mamaki. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar noma, sashe na 6 na dokar ya wajabta mata ba shi wata a madadinta. Gonar gado da ake nomawa tun kafin 1978 tana da haƙƙinta ko babu takarda.

Shawara: ranar da masu awo za su zo, mai gona ya tsaya da dagaci da shaidu biyu, a ƙirga bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, kuma kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Malama Mai Nazarin Siyasa, Dutse:
Barista, ka kawo ɓangaren taka wa gwamnati birki, amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma a ganina shi ya fi shafar mu. Kundin ya ɗora mata nauyi. Sashe na 20 ya ce hukuma za ta kare muhalli, ruwa, iska, ƙasa, daji da namun dawa. Matsalar ita ce yana Babi na 2, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babin kai tsaye.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Najeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam dokar cikin gida tun 1983, kuma sashenta na 24 ya ba al'umma haƙƙin muhalli mai kyau. A 2005 Babbar Kotun Tarayya a Benin, a shari'ar Gbemre, ta ce ƙona iskar gas da kamfanonin mai ke yi ya saɓa wa haƙƙin rayuwa. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta shigar da ƙarar gurɓata muhalli a madadin jama'a.

A waje ma masu wannan tunani sun rabu gida biyu. Kotun Ƙolin Amurka a 2022 ta hana hukumar muhallinsu sauya tsarin wutar lantarkin ƙasa ba tare da izini bayyananne daga majalisa ba. Kotun tsarin mulkin Jamus kuwa a 2021 ta ce dokar yanayinsu ta yi sako-sako, ta tura wa matasa nauyin da ya kamata a ɗauka yau, aka koma aka gyara ta. Duk biyun da kundi suka kafa hujja. Shi ya sa alƙawarin da shugaba ya yi a taron duniya, kamar na kawar da hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2060 da Buhari ya faɗa a taron yanayi na Glasgow a 2021, ba ya ɗaure manomin Gumel sai majalisa ta yi doka, kamar yadda sashe na 12 ya tanada kan yarjejeniyoyi. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ita ce wannan matakin.

Injiniyan Ruwa, Auyo:
Hajiya, ni damuwata lokaci ne. Ruwa ba ya jiran zaman majalisa. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suna Kano, a hannun hukumar kogin Hadejia-Jama'are ta tarayya, amma ambaliyar a Ringim, Miga, Auyo da Hadejia take sauka, kamar yadda aka gani a 2022. Saboda ana sakin ruwa rani da damina, ciyawar kachala da ke tsirowa a cikin ruwa ba ta bushewa ta mutu. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, sai kogi ya fasa ya bi ta gonakin shinkafa. Kundin ya bar wa tarayya ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. To jiha ta sayi injin yanke kachala, ta yi jinga, amma ƙofar dam ba a hannunta take ba. Wannan rabon iko ba cikas ba ne?

Barista daga Ringim:
Injiniya, gaskiyarka kan jinkiri, amma maganinsa a yi aikin doka tun da rani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, na biyo ta da hasashen ambaliya kafin ruwa ya sauka. A wannan tazarar ya kamata a ce kuɗin jinga da yashe kogi suna cikin kasafin da majalisa ta amince da shi, domin sashe na 80 a tarayya da na 120 a jiha sun hana taɓa asusun gwamnati ba tare da haka ba. Idan aka bari sai Agusta, komai ya koma aikin gaggawa, kwangila ba gasa, buhun yashi ba lissafi.

Ƙofar dam kuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi jadawalin sakin ruwa, kuma kwana 7 take da shi ta amsa. Ƙungiyar manoman fadama ta rubuta tun Afrilu, ta sa a buga mata hatimin karɓa a kan kwafi, ta aika wani kwafin ga ɗan majalisar tarayya na mazaɓarta. Idan wa'adin ya wuce shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙin amsawa, kuma akwai kwana 30 na zuwa kotu a nemi ta umarci hukumar ta bayar.