Gidan gado na ƙasa a cikin birni: ta ina zan fara gyara?

Ɗan Cikin Gari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Gidanmu na gado ne a cikin birnin Kano, ginin ƙasa tun na kakanmu. Akwai zaure da shigifa, sai tsakar gida da ɗakuna huɗu, biyu rufin soro, biyu an riga an yi musu kwano. Ina son tarewa da iyali a ciki. Tunanina in fasa bangon da ke tsakanin ɗakunan soron nan su zama falo ɗaya, in fitar da banɗaki a cikin ɗakin kwana, sannan a shafe gidan gaba ɗaya da siminti. Hajiya tana nan a ɗakinta, ta ce ba inda za ta. Wa ya taɓa irin wannan aikin?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Bakano zai zuba kuɗi a ginin da ba shago ba? Lallai bana za a sha ruwa.

Maman Biyu: Kafin komai, an raba gadon?

Ɗan Cikin Gari: Mun yi magana da yayyena, sun ce in shiga, ba komai.

Maman Biyu: "Ba komai" ɗin nan ita ce komai, ƙanina. Yau gida ya tsufa kowa ya yafe, ranar da aka ga tayil da fenti sai a tuna da rabon marayu. A rubuta, a sa hannu gaban mai unguwa da shaidu, har da 'yan'uwanka mata da ke gidan aure.

Mai Goro: Ni kan simintin zan yi magana, don na ɗanɗana. Namu gidan ma na ƙasa ne. Wani magini ya ce mini abu ne mai sauƙi, a buga ƙusoshi, a ɗaura wayar kaji, a watsa siminti. Aka yi, aka yi fenti, maƙwabta na ta shigowa sam barka. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu sai na ga tsaga siririya daga bakin indararo ta gangaro. Na ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, sai na ji yana amsawa kamar ganga, ashe simintin ya riga ya rabu da bangon, wayar ce kawai ke riƙe da shi. Ruwa na shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, ƙasar tana ta jiƙa a ɓoye. Cikin Agusta, da asuba, falle guda ya zube a lungu, Allah ya kiyaye yara ba su fito makarantar allo ba. Abin da na gani a bayansa ya fi ɓata mini rai: bangon ya zama taɓo, ana cusa hannu ya shige, gara ta yi hanyoyi har kan azara. Da can da yake tsirara, in ya jiƙe rana na fitowa ya bushe, kuma in ya zaizaye kana gani da idonka ka yaɓe. Siminti ya ɓoye mini ciwon har ya ci ƙarfi. Da na nemi maginin sai ya ce ai ruwan bana ne ya yi yawa. Kuɗin sake ɗaga bangon ya fi na shafen.

Mai Shago: Aikin ne ba a yi da kyau ba. Rabin gidajen cikin gari haka aka yi musu, suna nan tsaye.

Mai Goro: Je ka ƙwanƙwasa su ka ji.

Baba Magini: Yaro, bar maganar shafe tukuna, wannan bangon da kake son fasawa shi ya fi tayar mini da hankali. Ka shiga ɗakin ka ɗaga kai ka dubi yadda azara ta kwanta. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta da dogon zango, in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin da ya tallafe ta sai ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, in kuma ana son babba sai a yi bakan gizo, wato bakan gini mai tallafe rufi, ko a kafa ginshiƙi. Bangon tsakiyar nan kan azarar ɗakuna biyu yake ɗauke da shi, ga ƙasar rufi a samansu mai nauyin gaske. Ka cire shi, soro biyu ka sauke. In falo kake so, a buɗe ƙofa mai faɗi a tsakiya, a ɗaura mata baka ko a sa mata dogari mai ƙarfi, a bar kafaɗun bangon hagu da dama. Kuma aikin ƙasa na rani ne, kada ka taɓa rufi hadari na haɗuwa.

Ɗan Cikin Gari: Allah ya ƙara girma, Baba. To in ba siminti ba, da me za a shafe?

Baba Magini: Makuba, ta ɓawon ɗorawa. Rufi kuma laso, da katsin marina ake haɗa shi. Masu iyawa sun ragu amma ba su ƙare ba, ka tambaya a wajen marinar Ƙofar Mata ko gidan Sarkin Magina. Sai dai ka sani ana sabuntawa, ba a yi sau ɗaya a manta.

Mai Shago: To kun ji. Kowace shekara kana kan tsani. Ni dai a sauke soron a buga kwano, a yi silin, a huta.

Uwargida: A huta? Ka taɓa wuni a ɗakin kwano cikin Afrilu ba wuta? Mu da ke gida mu muka sani. Ɗakin soro da rana tsaka sai ka nemi mayafi.

Injiniya: Ina bayan Baba a maganar bango. Banɗaki kuma kada ka haƙa shi cikin ginin ƙasa, kada kuma ka binne bututun ruwa a jikin bangon, ɗigo kaɗan ya isa ya cinye gindinsa ba ka sani ba. Ka gina shi da bulo daga waje, da nasa harsashin, ya jingina da ɗakin, ƙofa kawai za ka fasa. Bututu su bi ta fili inda ido ke gani. Sannan ka duba abu ɗaya da mutane ke mantawa: a cikin gari lunguna sun yi ta tashi saboda ciko, har daɓen tsofaffin gidaje ya koma ƙasa da hanya. In naku haka yake, ruwan tsakar gida ba shi da mafita, gindin bango yake sha. Wannan farin gishirin da ke fitowa a ƙasan bango alamarsa ke nan. Fara da magudana da indararo, falo ya biyo baya. Akwai rijiya a gidan?

Ɗan Cikin Gari: Akwai, kusa da madafa.

Injiniya: Abin da ake so tsakanin rijiya da sokawe ya kai mita 30, gidan cikin birni kuwa da wuya a samu. In ba ta samu ba, ruwan ya zama na wanki kawai. Kuma in za ka ƙara gini, leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, tun kafin su zo su shafa maka jan fenti.

Mai Shago: Ni zauren nake kallo. In yana bakin hanya, a fasa masa ƙofa ya zama shago, haya kaɗai ta biya rabin aikin.

Uwargida: Na san nan za ka. A mai da zaure shago, baƙo ya yi sallama daga titi ya hango mu muna tankaɗe? Ranar suna ko rasuwa maza su zauna ina? Kuma don Allah Ɗan Cikin Gari kada a rufe tsakar gida da rumfar kwano duka, nan ne shanya, nan ne shan iska. A tambayi amarya inda take son madafa kafin a kira magini. Ita Hajiya kuma kada a sa mata tayil mai santsi, a rage mata tsayin dokin ƙofa.

Maman Biyu: Wannan gaskiya ne. Santsin tayil da ruwan alwala ya karya tsofaffi da yawa.

Badamagare: Ku Kanawa komai kuka gani sai ku ce shago. Ku zo unguwar Birni a Zinder ku ga zaurukan da har yau ake musu zane. Agadas ma da ginin ƙasa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013.

Bazazzagi: Faɗa musu dai. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, bakan gizonsa na nan.

Mai Shago: Wanda kuka kifa wa ginin kankare a kai? Mu Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a fili suke, rana da ruwa.

Bazazzagi: Au, yanzu kuma kai ne mai kare ginin ƙasa? Ba kai ka ce a sauke soro ba?

Sarkin Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya, wasan taubasai a kai shi ranar Juma'a.

Mai Goro: Wani abu kuma, lungunku tifa na shiga? Namu da baro aka riƙa ɗebo yashi daga bakin titi, kuɗin 'yan dako ya kusa kamo kuɗin yashin. Kuma in katangarku ta haɗaka ce, ka gaya wa maƙwabci kafin a sa diga.

Ɗan Cikin Gari: Ko Keke Napep da ƙyar take shiga. To yanzu falon nan, a yi ƙofar ko a haƙura?

Baba Magini: Ba na yanke wa soron da ban gani ba hukunci. Ɗauko hoton rufin daga ciki, kusurwa huɗu, da kaurin bangon. Ka sa sanda ka daddanna azarar da ke kusa da indararo, in ta yi laushi ka faɗa mini.

Mai Shago: Baba, in an sauke azarar ina da mai saye.

Uwargida: Kai dai Allah ya shirye ka.