Ina son a ga aikina, amma ba na son a yi yawo da hotona

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Shekarata 19, ina zane a waya, kuma ta Instagram masu son aiki suke samuna. Makon jiya ƙawata ta turo min wani shafi da aka buɗe da hotona da wani suna daban, ana ta hira da mutane a kai. Hoton nan a sitatus na WhatsApp kaɗai na sa shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In na kulle shafina aiki ya tsaya, in na bar shi hankalina ba ya kwanciya. Yaya zan yi?

Wata 'yar uwa: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya kawo sauƙi. Ki lura, ba Instagram ba ne ya fitar da hoton. Sitatus sai wanda kuka ajiye lambar juna yake gani, kenan wanda ya fitar da hoton yana cikin lambobin wayarki. Awa 24 da yake yi ya ɓace ba ta hana kowa ɗaukar sikirinshot, kuma WhatsApp ba zai sanar da ke ba. Ki shiga saitin sitatus ki zaɓi mutanen da kika yarda da su kaɗai su riƙa gani. Nawa ba su kai goma ba, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba.

Wani ɗan uwa: Raba shafi biyu. Na aiki a buɗe, zane zalla, babu fuska, babu inda kike. Shafin kasuwanci dama Instagram ba ya bari a kulle shi. Naki na kanki kuwa ki kulle, amma ki sani kullewa ba ta korar tsofaffin mabiya, sai kin bi kin cire su ɗaya bayan ɗaya.

Wata anti: 'Yata, kafin ki yi rifotin shafin, ki ɗauki hotonsa da sunansa ki ajiye, don shaida ce. Kuma ki sanar da wani babba a gida yau, kada su fara ji daga bakin wani. Ba ke kika yi laifi ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, anti. Na faɗa wa yayata, mun yi rifotin tare. Yanzu ina kan lambobin wayata, na goge fiye da talatin da ban ma tuna su waye ba.